Shekarar da Na Yi a Bayan Babur

Inna ce ta dage sai na zauna a ɗakin kwanan ɗalibai. Baba ya so in sauka gidan Gwaggo a cikin Azare, in riƙa bin motar safe zuwa jami'a in dawo da la'asar, tunda makarantar ba ta da wani nisa daga gari. Ya ce ga gida, ga abinci, ga mai sa ido a kaina. Me za a je nema a ɗakin da ba a san 'ya'yan wa za a haɗa ni da su ba? Inna ba mai ja-in-ja da Baba ba ce, amma a kan wannan magana ta ƙi lanƙwasuwa.

"Alhaji, in gidan Gwaggonta za ta zauna, ai ba ta je ko'ina ba," ta ce. "Daga tsakar gida ta koma tsakar gida ke nan. A bar ta ta je ta ga mutane."

Inna ba ta taɓa zama a aji ba. A ruga ta tashi, can wajen Misau, kuma tana yarinya takan bi ta gefen wata makarantar kwana ta 'yan mata da ƙwaryar nono a ka. Ta sha ba mu labarin yadda takan rage sauri in ta zo daidai shingen, ta ga 'yan matan sun jeru a bakin famfo suna wanki suna ƙyalƙyala dariya. Ba littattafansu ne suka tsaya mata a rai ba. Takan ce har ta girma tana son ta san abin da suke faɗa wa juna. Ni ce autarta, ni ce kuma ta farko a ɗakinmu da ta kai jami'a. Da Baba ya ga ba za ta sauko ba, sai ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri.

Yaya ne ya kai ni. Shi nake bi, kuma sana'arsa ke nan, ɗaukar fasinja a babur tsakanin garinmu Chinade da Azare. Ya naɗe katifata ya ɗaure a gaba, ya rataya bokiti da risho a gefe, ni kuma na hau baya da jaka a cinya. Da muka isa ƙofar ɗakunan mata, inda ba a barin maza su wuce, ya sauke kayan ya dube ni. Ina jin ya ga idona ya kawo ruwa.

"Auta, kada ki sa damuwa a ranki," ya ce. "Ni kullum ina Azare. Duk ranar da kika ji kin gaji, bugo min waya kawai in zo in ɗauke ki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni kuma na riƙe maganar gam.

Mu huɗu aka ba ɗakin. Biyu 'yan shekarar ƙarshe ne, tun safe suke fita sai yamma, tsakaninmu da su gaisuwa ce kawai. Ɗayar kuwa sabuwa ce kamar ni. Ta riga ni zuwa ta haye gadon sama, na same ta zaune a kai tana kaɗa ƙafa, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin turaren wuta. Ta leƙo ta ƙare min kallo.

"Wannan dogon wuyan ba sai an tambaya ba, Bafillatana ce. To sannu da zuwa, Allah ya haɗa ki da uwar ɗakinki. Gadon ƙasa naki ne, dama can nan ne wurin Fulani."

Babarbariya ce daga Nguru, gajera, mai faɗin fuska, da murya kamar ta mutum uku. Na san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, na sha ganin Inna tana yin sa da matan Barebarin unguwarmu. Amma ranar murmushi kawai na yi na fara shimfiɗa katifa. Ko a jikinta. Kafin in gama jera kayana na riga na ji cewa ita kaɗai ta zo a motar haya, kuma ba za ta sake ganin gida ba sai an yi hutu. Na ji cewa likitanci ta nema ba ta samu ba, aka ba ta nazarin halittu, sashen da ni ma aka ba ni, kuma tana da niyyar sake rubuta jarrabawar shiga jami'a ko Allah zai sa a dace. Wannan na ƙarshen a tsakiyar wasu zantuka ta jefo shi, ni kuma ban ba shi muhimmanci ba.

A sakandarenmu ni ce ke zuwa ta ɗaya. Malamai sun san ni, sun san Baba, in na ɗaga hannu aji yakan yi shiru. A jami'a kuwa sai aka zuba mu a wani zauren lakca mai kama da rumfar kasuwa, mutane har kan tagogi, malami can ƙasa da lasifika mai shaƙewa. Rabin abin da yake faɗa ba ya isowa inda nake. Wata rana cikin makonnin farko, malamin ilimin sinadarai ya yi tambaya, zauren ya yi tsit. Na san amsar. Na ɗaga hannu yadda na saba, ya nuna ni, na miƙe. Amsar daidai ce, sai dai akwai wata kalmar Turanci a ciki da ban taɓa jin an furta ba, a littafi kawai na san ta, don haka na faɗe ta yadda na ga an rubuta. Wani daga baya ya maimaita ta da siririyar murya yana kwaikwayona. Zauren ya ɗauki dariya. Malamin ya buga tebur, ya ce na amsa daidai, in zauna. Na zauna, amma har aka tashi ban ƙara jin ko kalma ɗaya ba.

A hanyar komawa ɗaki 'yar Nguru ta yi ta ƙoƙarin ta ga na sake.

"Wannan har abin ɓata rai ne? Ni shekaranjiya ajin 'yan lissafi na shiga, na zauna daram, har na cika shafi da rubutu. Sai da aka kusa tashi na gane ba namu ba ne. Kuma wanda ya kwaikwaye ki na gan shi, kai gare shi kamar kabewa."

Na ɗan yi dariya. Amma ranar Alhamis da la'asar na kira Yaya.

Inna ta yi murna da ganina, ba zan ce ba ta yi ba. Ta dama min fura, ta zauna kusa da ni a tabarma ta ce, "To, ba ni labari." Na ce lafiya lau, karatu da wuya, ruwa sai an bi layi. Ta jira ƙari. Da ta ga babu, sai ta tambayi 'yan ɗakinmu. Na ce akwai wata Babarbariya mai surutu. Ta yi dariya ta ce maganina ke nan, ta sake jira. Na ce gajiya nake ji, zan ɗan kwanta.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, tun da muka baro Azare a baya na ji numfashina ya dawo daidai. A Chinade kowa ya san ni. Matan maƙwabta sukan leƙo su ce 'yar jami'a ta zo, a tambaye ni maganin ciwon kai kamar wata likita. A can kuwa ni ce wadda aka yi wa dariya. Haka dai nake gani a lokacin.

Daga nan abin ya zame min jiki. Kowace Alhamis da la'asar Yaya yana bakin ƙofa. Lakcar Juma'a guda ɗaya ce, na ce ai na kwafa a wurin 'yar Nguru. In dawo Litinin da safe, wani lokaci in wuce aji kai tsaye da jakata a kafaɗa. Da tafiya ta yi tafiya, in malamin Alhamis ya ce ba zai samu zuwa ba, tun Laraba nake bugawa. A bayan babur ɗin nan na ga damina ta ƙare. Na ga gero ya nuna, an yanke shi an ɗaure dammuna, an kwashe, shanu sun shiga gonaki suna cin kara. Na san inda Yaya zai rage gudu saboda rami tun kafin ya taka birki. Amma da za a tambaye ni a wane ɓangare na ɗakin karatun jami'a ake ajiye littattafan sashenmu, sai dai in yi zuru.

'Yar Nguru ba ta gaji da ni da wuri ba. Ranar Asabar suna da taron karatu a gindin wata babbar bishiyar maina bayan ɗakin gwaje-gwaje, ranar Lahadi kuma 'yan matan sukan haɗa tukunya, kowa ta kawo abin da take da shi.

"Ki zauna wannan makon mana, 'yar Chinade," takan ce. "Garin naku ba gudu zai yi ba."

Kullum ina da dalili. Yau sunan 'yar maƙwabciya, gobe garin tuwona ya ƙare, jibi Inna ba ta jin daɗi. Wasu gaskiya ne, wasu kuma na ƙara musu gishiri.

Ana nan sai sashenmu ya shirya fita zuwa wata fadama a bakin kogi can wajen Katagum, don mu ga tsirrai da ƙwarin ruwa a inda suke rayuwa. Asabar aka sa. Malamin ya ce ba dole ba ne, amma duk wanda ya je zai ƙaru. 'Yar Nguru ta kama mana wuri a mota, mu biyu. Ranar Alhamis na zauna a bakin gado da waya a hannu ina ta jujjuya ta. Tana kwance a sama, ko leƙowa ba ta yi ba, ta ce, "In kin kira shi ki ce ina gaida shi."

Na kira shi.

A wannan Asabar ɗin, ina tsakar gida ina tankaɗe, Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Auta, wai me kika manta a gidan nan ne da kike ta dawowa nemansa?"

Na ce ba komai, kewarta nake yi.

"Ni ina nan," ta ce. "In Allah ya yarda ina nan."

Ta wuce madafa. Maganar ba ta yi min daɗi ba. Na ce a raina, wasu iyayen roƙon 'ya'yansu suke yi su leƙo gida, ni kuma ana korata.

Haka zangon farko ya wuce, aka shiga na biyu, ban sauya ba. Sai 'yar Nguru ta sauya dabara. Wata Alhamis ina haɗa jaka, na ga ita ma ta sauko tana haɗa tata.

"Tunda kin ƙi zama da mu, ni zan bi ki in ga abin da aka binne a Chinade."

Na ce babur ɗaya ne fa.

"Ke ki shiga tsakiya. Fulani biyu ai nauyin mutum ɗaya ne."

Da Yaya ya ji wannan, dariya ta kusa sa ya saki babur ɗin.

Tun daga zaure ta rangaɗa sallama, ta ce a fito a tarbi sarauniya. Inna ta fito tana gyara ɗaurin ɗankwali, ta dube ta sama da ƙasa.

"Auta, ina kika samo mana 'yar aiki? Kuma gajera haka, ko bakin turmi ba za ta kai ba."

Shi ke nan, jininsu ya haɗu. Kafin gari ya waye sau biyu ta san inda ake ajiye kowace ƙwarya a gidanmu. Ta je ta durƙusa ta gaida Baba da ladabin da ban san tana da shi ba, ya sa mata albarka, ta fito ta ci gaba da tsokanar Inna.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a inuwar rumfa, Inna tana dama fura, sai ta ce mata abin da ta saba ce min. "To, ba ni labarin makarantar taku."

'Yar Nguru ta gyara zama. Da layin ruwa ta fara: yadda bokitai ke bin layi a bakin burtsatse masu su suna kwance a ɗaki, da yadda wata ta matsar da bokitin wata, aka yi shari'a har gaban shugabar ɗakunan, har da kiran shaidu. Ta miƙe tsaye ta kwaikwayi malamin da ke kulle ƙofa da zarar ya shiga aji, da wani ƙaton ɗalibi da ya makara ya biyo ta taga, wandonsa ya maƙale a ƙarfe, rabinsa a ciki rabinsa a waje. Ta kawo labarin wata 'yar ajinmu daga kudancin jihar da ta rantse ranar Lahadi ita za ta tuƙa tuwo, aka ƙare da shan sa a kofi. Inna ta ajiye ludayi tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ban taɓa ganin ta yi irin wannan dariyar ba. Har sai da Baba ya yi gyaran murya daga turakarsa.

"Ke Auta, kin sha tuwon nan?" Inna ta tambaye ni.

"A'a, Inna. Ranar ina gida."

Sai aka shiga labarin fadama. Motar ta kafe a yashi, duk suka sauko suka tura, maza da mata. Babban malaminmu, wanda ko murmushi ba ya yi a aji, ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa yana nuna musu bado, taɓo ya riƙe masa takalmi ɗaya, ya fito da ƙafa ɗaya tsirara yana ci gaba da bayani kamar ba abin da ya faru. Masunta suka gasa musu kifi a bakin ruwa, aka dawo ana waƙa har ƙofar makaranta.

"Auta fa?" in ji Inna. "Ita ma ta tura motar? Da waɗannan hannuwan nata?"

'Yar Nguru ta dube ni.

"Ina nan gida, Inna," na ce. "Ranar da kika same ni ina tankaɗe."

Inna ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da juya furar da ta riga ta damu. Can ta ce, "Ashe haka wurin yake." Ba ni take kallo ba, ba baƙuwar ba.

Ni ma abin da nake faɗa a raina ke nan. Duk mutanen da aka ambata na san fuskokinsu, tare muke zama a aji. Amma ni a idona taro ne kawai mai baki ɗaya, wanda ya taɓa yi min dariya. Ban san a cikinsu akwai wadda ba ta iya tuwo ba, akwai mai maƙalewa a taga.

Ranar Litinin da safe Inna ta rako mu har ƙofar gida, abin da ba ta saba ba. Ta miƙa wa 'yar Nguru kwalbar man shanu, ta ce ta riƙa ci ko Allah zai sa ta ƙara tsawo. Sannan ta juya wurin Yaya.

"Daga yau kada ka sake ɗauko min ita sai an yi hutu. In ta kira, ka ce taya ta yi faci."

"Haba Inna," na ce.

"In ciwo ne a kira ni, ni zan zo da ƙafata. In ba ciwo ba, ki zauna inda aka kai ki."

Na yi kuka a hanya, fuskata a bayan Yaya. 'Yar Nguru tana riƙe da kafaɗata har muka shiga Azare.

Da Alhamis ta zagayo na gwada sa'ata. Yaya ya ɗauka ya ce, "Wallahi Auta, ki yi haƙuri, an ce in ce taya ta yi faci." Ina jin ƙarar injin babur ɗin a ƙarƙashinsa.

Asabar ɗin farko da na yi a makaranta, sai na ga kamar wani wuri aka kawo ni. Ba gudun zuwa aji, ba turereniya. 'Yan mata sun fito baranda, wasu na wanki, wasu na tsifar kai, rediyo na yi a wani ɗaki. 'Yar Nguru ta zauna a ƙasa tana fama da gashinta da tsinke tana mita. Na ce ta kawo in gani. Tun ina ƙarama Inna ta koya min kitso, irin ƙananan nan da ke daɗewa ba su tsufa ba. Kafin in gama mata, wasu biyu sun zo sun tsaya a kanmu suna tambayar ko za su samu layi. Wadda ta yi tuwon kofi ce ta biyu. Tana zaune a gabana ta ba ni labarin garinsu mai duwatsu, da kakarta da ke jiran ta gama ta dawo ta buɗe musu ɗakin shan magani. Ta ce ta daɗe tana son yi min magana, amma ta ɗauka ni mai girman kai ce.

Da hantsi muka je gindin mainar. Ana ta kokawa da wani lissafin sinadarai da ya gagari kowa. 'Yar Nguru ta zungure ni da gwiwar hannu har sai da na karɓi biro na warware shi, da Hausa, a hankali. Wani dogon saurayi ya ce in sake maimaitawa, na maimaita. Sai da ya matso na gane shi. Shi ne wanda ya kwaikwaye ni a zauren lakca. Ya yi godiya, sannan ya ce, "Ke sabuwa ce? Daga wani sashen kika dawo namu?"

Bai tuna ba. Babu wanda ya tuna. Abin da na yi watanni ina gudu a kansa, ni kaɗai nake ɗauke da shi.

Makonnin da suka biyo baya su ne jami'ar da na yi. Ranar Lahadi na yi musu miyar kuka da man shanun Inna, aka suɗe tukunya. Muka shiga kasuwar Azare ni da 'yar Nguru, ta ja ni rumfar wasu dattawa 'yan asalin Borno masu sayar da turare, ta juya harshe zuwa Barbarci, suka yi ta kiranta 'yarsu, ni kuma suka ce a bar Bafillatanar ta tsaya a rana. A nan na fara mayar da martani, har wani dattijo ya tafa hannu ya ce ashe tana da baki. Na koyi hanyar ɗakin karatu. Na sake ɗaga hannu a aji, na yi kuskure, aka gyara min, ba abin da ya same ni. In na kira Inna a waya yanzu, ita ce ke cewa in bari haka nan kada katina ya ƙare.

Sai dai makonnin 'yan kaɗan ne. Ina fara sanin sunayen mutane, jarrabawar ƙarshen shekara ta iso, kowa ya duƙufa. Ana gamawa aka ba da hutu. Na raka 'yar Nguru tasha, muna ta tsara yadda za mu nemi ɗaki ɗaya in an dawo, da yadda zan bi ta Nguru in ga garinsu. Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Shekara mai zuwa ke ce a sama, in ga yadda Fulani ke hawa gado."

Hutu ya yi nisa, wata rana da hantsi ta kira ni tana ihu har sai da na janye wayar daga kunne. Ta ci jarrabawar da ta sake rubutawa. An ba ta likitanci a wata jami'a a Maiduguri. Na taya ta murna, kuma har ga Allah murnar ta gaske ce, don na san yadda take son abin. Bayan na ajiye wayar na daɗe zaune a bakin rijiya. Tun ranar farko ta gaya min za ta iya tafiya. Shekara ɗaya aka rubuta mana tare, ni kuma na kwashe mafi yawanta na zubar a kan hanyar Chinade.

Da na gaya wa Inna, ta ce Allah ya sa albarka, Allah ya ba ta haƙuri da marasa lafiya. Sannan ta ce, "Gidan nan zai yi kewar gajeruwar nan."

A shekara ta biyu aka ba ni wani ɗaki da wasu mutane. Ban koma zirga-zirgar kowane mako ba, wannan kam na daina. Amma taron gindin maina bai daɗe ba ya watse. Ashe ita ce igiyar da ta ɗaure shi. Wadda ta yi tuwon kofi ta koma zama a cikin gari da 'yan garinsu. Sauran kuma kowa ta riga ta kama ƙawayenta tun a shekarar farko, a layin ruwa da wurin tura mota. Ba wanda ya guje ni. Ana gaisawa, ana zuwa kitso, in jarrabawa ta matso a neme ni. Amma in hira ta yi daɗi sai a koma "kin tuna ranar da", ni kuma in yi dariya daga gefe, kamar wadda ta zo biki bayan an kai amarya.

Na gama da sakamako mai kyau. Yanzu ina koyar da nazarin halittu a wata sakandaren 'yan mata a nan Azare. Ita kuma likita ce, da aurenta da 'ya'yanta. Da farko mukan yi waya kowane mako, daga baya sai wata-wata, yanzu sai saƙon barka da Sallah. Har yau takan rubuto "Bafillatanata", in mayar mata, sai kuma shiru, don labaran da muka tara tare ba su da yawa, mun riga mun cinye su. Nguru kuwa har yau ban je ba.

Ranar bikin yaye mu ne Inna ta fara taka jami'ar. Ta soya masa cike da babbar kula, ga miyar taushe a wata, Baba ya ɗauki shatar mota. Bayan an fito daga taro, kowane gida ya shimfiɗa tabarma a inuwa. Ɗalibai cikin rigunan biki suna yawo gungu-gungu, daga tabarmar iyayen wannan zuwa ta iyayen wancan, a ci, a ɗauki hoto, a yi gaba. Inna ta jera kwanuka da cokula, ta gyara mayafi ta ce, "To Auta, je ki kirawo ƙawayenki."

Na tafi na zagaya. Na samo biyu. Suka zo suka durƙusa suka gaida Inna da Baba da ladabi, kowacce ta ɗauki masa ɗaya, muka yi hoto, suka ba da haƙuri don ana jiransu a wani wurin. Inna ta bi su da kallo har suka shige cikin jama'a. Ta ɗan jira ko wasu na tafe. Daga nan ta fara zuba masar a kwanuka tana miƙa wa Yaya, ya kai tabarmar dama, ya kai ta hagu. Duk wanda ya gifta sai ta kira shi.

"Bismillah, zo ka ci. Na 'yata ne, yau ta gama."

Kafin la'asar kular ta koma wayam. A mota ta karɓi hular bikina ta ɗora a cinya, tana ta shafa ta.

"Ƙullun nan ya ɗan wuce tsami," ta ce. "Ina ga shi ya sa yaran ba su ci da yawa ba."

"A'a, Inna," na ce. "Masar ta yi daɗi."